Yadda nake zaɓar matoshin harsashi don harbin faifai

Ina yaro, kawuna mafarauci ne a wani ƙauye da ke bayan Malumfashi. In zai ɗura harba-ka-rugarsa, sai ya zuba albarushi ta baki, ya yagi tsumma ya cusa, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya zuba ƙwayoyin dalma ya bi su da wani tsumman. Wata rana na tambaye shi amfanin tsumman tsakiya. Ya ce, "Kai yaro, in babu shi ai wutar ce za ta wuce ta bar dalma a baya." Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, ina zaune a garejin gidana a gefen birnin Kolumbus na jihar Ohayo, kuma abin da ya fi cin lokacina in zan cika harsashi shi ne wannan tsumma na kawu. Sai dai nawa na roba ne, yana zuwa ɗari biyar-biyar a leda, kala-kala, kowanne da lambarsa. Mutanen nan wad suke ce masa. Ni matoshi nake kiransa.

Kafin mu yi nisa, abin da zan faɗa na nan Amurka ne, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashi don amfanin kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi ko harhaɗa shi. Na gida ya karanta don ƙarin sani kawai. Da 'yan'uwa mazauna nan nake magana, waɗanda suka fara leƙa filin harbi ranar Asabar, suka ga yadda kwalin harsashi ke narkar da albashi.

Shi harbin faifai wasa ne. Inji ke cilla wani ɗan faifai mai ruwan lemo, faɗinsa bai wuce santimita 11 ba, kai kuma ka bi shi da bindiga mai watsa dalma ka farfasa shi kafin ya dira. Ni tiraf nake bugawa: mutum biyar a jere, yadi 16 bayan ɗakin injin, faifai 25 a zagaye guda. Wanda abin ya shiga jininsa zai yi zagaye huɗu a wuni bai ji komai ba, harsashi ɗari ke nan. Shi ya sa yawancinmu ke tattara kwanso mu kai gida mu sake cikawa. Babbar gasar tiraf ta ƙasar nan, Grand American, a garin Vandalia na Ohayo aka riƙa yin ta daga 1924 har 2005, kafin ta koma Sparta a jihar Ilinoi. Don haka kulob ɗinmu cike yake da dattawan da suka fara cika harsashi tun kafin a haife ni, kuma a bakinsu na tsinci rabin abin da na sani. Ɗaya rabin kunya ce ta koya mini.

Abu huɗu ake sa wa kwanso: firaima a gindi, ita ce ke tada wuta in an ja kunama, sai albarushi, sai matoshi, sai dalma, sannan a naɗe bakin. Ɗauki matoshi ɗaya ka ɗaga shi a haske, za ka ga hawa uku gare shi. A ƙasa akwai ɗan ƙoƙo da ke kife a kan albarushi. In wuta ta tashi, leɓen ƙoƙon sai ya buɗe ya manne da bangon kwanso, daga nan ya manne da bangon bututun bindiga, hayaƙi bai samu hanyar wucewa ba. Aikin tsumman kawu ke nan. A tsakiya akwai 'yan ƙafafu masu lanƙwasa, ni katifa nake ce musu, su ke karɓar bugun farko don kada ƙwayoyin dalma na ƙasa su murƙushe. A sama kuma kofi ne mai tsagaggun kunnuwa, yawanci huɗu, a cikinsa dalma ke zama har ta fita ba ta goga jikin ƙarfe ba. Da ya fita baki iska ta buɗe kunnuwan, sai ya ja baya ya faɗi, dalma ta wuce abinta. Kafin farkon shekarun 1960 da kwali da ƙullin gashi ake wannan aikin, ana jera su ɗaya bisa ɗaya. Remington ta fito da matoshin roba mai suna Power Piston a wancan lokacin, Winchester ta biyo da harsashin AA a 1965, shi ke nan roba ta karɓe kasuwa.

Akwai aiki na huɗu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: matoshi ne ke cike gurbi. Tsawon kwanso ba ya canzawa, inci biyu da kwata uku ne. Albarushi ya ci nasa wuri, dalma ta ci nata, abin da ya rage matoshi ne zai cike shi daidai wa daida. Wannan ne dalilin da ya sa matosai suka yi yawa a kanti.

Fara da kwanso

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya je kanti ya sayi ledar matoshi don ya ga ta yi araha, sannan ya dawo yana neman kwanson da zai zuba. An sa keke gaban doki ke nan, in ji mutanen nan. Mu kuwa sai mu ce an ɗinka riga kafin a ga mai sawa. Duba bokitin kwansonka tukuna.

A geji 12, wato girman bututun bindiga da aka fi amfani da shi a wannan wasa, kwanso iri biyu ne ta ciki, ko da ta waje kamarsu ɗaya. Akwai mai tsukakken ciki, wanda bangonsa ke ƙara kauri in ana gangarawa gindi, cikinsa ya yi kamar kofin shayi. Winchester AA da Remington STS da Nitro 27 da Gun Club duk 'yan wannan gida ne. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bango, kamar an yanko bututu an toshe gindinsa, ƙasa da sama faɗi ɗaya. Federal Gold Medal yana nan, haka kusan duk na Turai: Fiocchi na Italiya, Cheddite na Faransa, Rio na Sifen. Kamfanoni da yawa kuma sayen kwanso suke yi a wurin wasu su buga sunansu, saboda haka kada ka dogara da rubutun jiki kaɗai. Abin da nake yi shi ne in sadaukar da guda ɗaya, fanko wanda aka riga aka harba, in tsaga shi gida biyu a tsaye da ƙaramin zarto. Nan take za ka ga gidan da ya fito. Ina da tsagaggun kwanso wajen goma rataye a ƙusa bisa teburina, kowanne na rubuta sunansa.

Me ya sa na dage a kan wannan? Ƙoƙon matoshin da aka yi wa tsukakken kwanso ƙarami ne, don ya iya sauka cikin matsatsin. In ka sa shi a miƙaƙƙen kwanso, sai ya zauna sako-sako, ya bar rata a gefe. In kuma ka cusa mai faɗin ƙoƙo a tsukakken kwanso, ko dai ya ƙi sauka har kan albarushi, ko ya kumbura bangon ka ga wani zobe ya fito ta waje.

Ga abin da ratar nan ta yi mini. A shekarata ta biyu, na tsinci kwanso na Turai cike da bokiti a filin, sababbi ƙal, an harba sau ɗaya an yar. Ina da ledar matoshi na tsukakken kwanso a gida, ga albarushi mai ƙananan ƙwayoyi. Na ce ai geji 12 geji 12 ne. Na cika ɗari biyu, bakinsu ya naɗu lafiya lau, na zuba a but ɗin mota. Suka yi makonni suna yawo da ni, aiki da kasuwa da masallacin Juma'a, hanya na jijjiga su. Ranar da na fito da su watan Janairu ne, da irin sanyin da zai sa hunturun Funtuwa ya zama wasan yara. Harbi na shida ko na bakwai, maimakon ƙarar da na saba sai na ji wani "fuf", ƙwayoyin dalma suka zube 'yan taku kaɗan a gabana. Na yi dariya, na karya bindiga na cire kwanson, na ɗauko wani zan sa. Sai dattijon da ke tsaye a damata, tsohon makaniki ne da ya haura saba'in, ya ɗaga hannu ya tsayar da layin gaba ɗaya.

"Dakata, ɗana. Leƙa bututun tukuna."

Na leƙa, duhu. Matoshin ya maƙale a tsakiya. Ya zaro wani guntun tagulla daga aljihun rigarsa ya sako ta baki, matoshin ya faɗo. Da na harba na gaba a kan wannan toshiyar, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bututun ya kumbura, mafi muni ya tsage kusa da hannuna na hagu. Da muka koma ɗakin kulob ya yanka uku daga cikin harsasan nawa da wuƙa a kan jarida. Albarushi ya bi ta ratar ya hau cikin katifa, ya cika tsakanin ƙafafun, wanda ya rage a ƙarƙashin ƙoƙo bai isa komai ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya tura mini jaridar kawai ya ce, "Sauran nawa?" Na ce ɗari da casa'in da wani abu. Ya ce to na san aikin da zan yi a daren. Sai da na farke su duka ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar, duk harbin da ƙararsa ta saɓa wa kunnena, sai na leƙa bututu kafin in sake ɗurawa, kuma nima akwai guntun tagulla a aljihuna.

Za ka ga wasu layuka a jadawalin kamfanonin albarushi da suka haɗa matoshin tsukakke da miƙaƙƙen kwanso. An gwada su, ƙarfin matsinsu bai wuce iyaka ba. Amma gwaji a ɗakin awo daban, makonni a but ɗin mota daban. In albarushinka mai manyan fale-fale ne irin Red Dot, ƙila ba zai bi ta ratar ba. In mai laushi ne kamar gari, zai bi. Ni na daina wannan cacar.

Abu ɗaya kuma game da kwanson tsintuwa: wasu miƙaƙƙu gindinsu na ciki na takarda ne. In ya kwana a ciyawa raɓa ta jiƙa shi, jefa shi a shara.

Nauyin dalma

Da ka san kwanso, sai tambaya ta biyu: dalma nawa za ka harba? Dokar ƙungiyar tiraf ta ATA ba ta yarda a wuce oza ɗaya da ɗaya bisa takwas ba, wajen giram 32, kuma ƙwayar kada ta fi lamba 7½ girma (lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa). Gudu ma da iyaka: ƙafa 1,290 a daƙiƙa ga wannan nauyin, 1,325 ga oza ɗaya, 1,350 ga bakwai bisa takwas na oza. A gasar Olamfik kuwa giram 24 suke harbawa, kuma faifansu ya fi namu gudu da tauri. In na tuna da wannan sai in ji kunyar cewa ƙarancin dalma ne ya sa na kuskure.

Lissafin aljihu ma yana nan. Buhun dalma laba 25 ne, oza 400. In kana zuba oza ɗaya da ɗaya bisa takwas za ka samu harsashi 355. Oza ɗaya, 400 cif. Bakwai bisa takwas, 457. Dalma ce ta fi komai tsada a haɗin, matoshi kuwa shi ya fi araha. Wanda ke neman sauƙi, ta wajen dalma zai rage, ba ta wajen sayen matoshin da bai dace ba. Oza ɗaya ta lamba 8 na ɗauke da ƙwaya wajen 410, ta isa ta mayar da faifai gari daga yadi 16, kuma kafaɗarka za ta gode maka in ka kai harbi na ɗari.

Kowane nauyi da matoshinsa. Dalma kaɗan, kofi gajere, katifa doguwa. Dalma da yawa, kofi mai zurfi, katifa gajera. A gidan Winchester launi na taimakawa: WAA12 fari na oza ɗaya da ɗaya bisa takwas, WAA12SL ruwan hoda na oza ɗaya, WAA12L ruwan toka na bakwai bisa takwas. A gidan Remington akwai Fig-8, wanda katifarsa ta yi siffar lamba takwas, shi ne na nauyi babba, sai TGT12 na oza ɗaya. Waɗannan duka na tsukakken kwanso ne. Na miƙaƙƙe kuwa Federal na da 12S3 na nauyi babba da 12S0 na oza ɗaya, sannan akwai na Italiya irin su Gualandi da B&P da aka yi su musamman don kwanson Turai. Amma kada ka haddace launi ka manta lamba. Launi ɗaya na iya nufin abu biyu a kamfanoni biyu. In ka buɗe leda, yanke gefen da lambar take ka jefa cikin robar da ka juye matosan.

Jadawali ne alƙali

Yanzu ka san kwanso, ka san nauyi, kana da matosai biyu ko uku da za su iya shiga. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Buɗe jadawalin awo na kamfanin da ya yi albarushinka. Hodgdon da Alliant duk suna fitar da nasu kyauta. Kowane layi abu biyar ne a ɗaure: wannan kwanso, wannan firaima, wannan albarushi da nauyinsa, wannan matoshi, wannan nauyin dalma. A ƙarshen layin za ka ga gudu da ƙarfin matsi. Layin da ya ƙunshi abin da ke hannunka duka biyar, shi ne naka. In huɗu sun dace ɗaya bai dace ba, ba naka ba ne. Da gangan ban rubuta nauyin albarushi ko ɗaya a nan ba. Daga jadawalin za ka ɗauka, kuma ka auna a sikeli, domin ɗan zoben awo na injin cika harsashi ƙiyasi kawai yake bayarwa.

Iyakar matsin da hukumar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a nan Amurka, ta ɗora wa geji 12 mai tsawon inci biyu da kwata uku ita ce 11,500 a ma'aunin matsi da ake kira psi. Ka ɗauki layi biyu a jadawali masu komai iri ɗaya sai matoshi, ka kwatanta. Wani lokaci bambancin kaɗan ne, wani lokaci ya kai dubu ko ya wuce. Katifa mai tauri ko ƙoƙo mai kama bango sosai na ɗaga matsi. Abin tsoron shi ne harsashin bindiga mai watsa dalma ba ya nuna maka alama. Masu cika harsashin raifil suna duba gindin kwanso su gane sun yi yawa. Mu ba mu da wannan gatan. Kwanson zai fito lafiya, firaima lafiya, alhali ka daɗe da ƙetare iyaka. Shurin bindiga ma ba ma'auni ba ne, shi nauyin dalma da gudunta yake bi.

Ni layin da ke tsakiya nake nema, wajen psi dubu tara zuwa dubu goma. Wanda ya matso 11,500 bai bar mini wurin kuskure ba. Wanda ya yi ƙasa ƙwarai kuma, in sanyi ya zo roba ta sandare, albarushi ba ya ƙonewa tas, sai ka ga bututu ya yi dauɗa, ƙarar harbi na hawa tana sauka.

Maganar kwaikwayo. Akwai kamfanoni irin su Claybuster da Downrange da ke yin matosan da za su maye gurbin na manyan kamfanoni a farashi mai sauƙi, su nake amfani da su kusan kullum. CB1118-12 na tsayawa a madadin WAA12, CB1100-12 a madadin WAA12SL, CB0178-12 a madadin WAA12L. CB8118-12 da CB8100-12 su ne na Fig-8 da TGT12, CB2118-12 da CB2100-12 kuma na 12S3 da 12S0. A jikin ledar ake rubuta wanda yake maye wa gurbi, wani lokaci har da ɗan jadawali. In mai kayan ya rubuta cewa madadin wane ne, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani a kulob ya ɗaga matosai biyu ya ce, "Dubi, ai kamarsu ɗaya." Kama da wane ba ta wane. Ido ba ya ganin taurin roba.

Bakin harsashi zai gaya maka gaskiya

Jadawali ya tabbatar maka haɗin ba shi da haɗari, amma bai yi maka alkawarin zai zauna da kyau a kwanso ba. Wannan sai ka gwada. Kada ka sayi kwali mai dubu biyar a karon farko. Sayi leda ɗaya, ko ka roƙi guda ashirin wajen abokin harbi, ka cika goma ka jera su a tebur.

Kafin ka naɗe na farko, leƙa ciki. Dalma ta kamata ta tsaya ɗan ƙasa kaɗan da inda tsohon naɗin ya karya robar. In ta ɗan haura kunnuwan kofi ba laifi, da yawa haka suke. Sannan ka naɗe ka duba. Naɗi mai kyau shimfiɗaɗɗe ne, tsakiyarsa a rufe, ya nutsa ƙasa da leɓe kamar kaurin kwabon dime na nan, milimita ɗaya da rabi ko ƙasa kaɗan. In tsakiyar ta lotsa ciki kamar kwano, ko ta bar rami har ƙwayar dalma na leƙowa, kayan cikin sun yi gajarta: matoshi mai tsawo kake buƙata. In ta yi tozo, ko ka ajiye ka dawo da safe ka tarar bakin ya fara buɗewa, ko bangon kwanson ya tanƙware kusa da gindi, kayan sun yi yawa: mai gajarta kake buƙata. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bayan 'yan ɗaruruwa, daga nesa za ka gane.

Nan ne albarushi ke shigowa. Wani mai fale-fale ne yana cin wuri, kamar Red Dot ko Clays. Wani dunƙulalle ne, ɗan kaɗan ya isa, kamar Titegroup. Kwanso ɗaya, dalma ɗaya, amma in ka sauya daga mai cin wuri zuwa dunƙulalle sai ka ga baki ya lotsa. Shi ya sa wani lokaci jadawali ke ba ka matoshin oza ɗaya a haɗin da ya fi oza ɗaya. Ba kuskuren bugawa ba ne.

Kuma zurfin naɗin nan ba ado ba ne. Shi ke riƙe kaya na ɗan ƙiftawar ido har wuta ta kama sosai. In ya yi zurfi da yawa matsi na hawa, in ya yi sako-sako ƙonewa na lalacewa. Kafin ka ɗora wa matoshi laifi, ka tabbata injinka a saite yake, domin sau da yawa gyaran ɗan juyi ne na sukurun tashar naɗi. Amma in ka juya ka juya abu ya ƙi, daina wahalar da inji, koma jadawali ka nemi wani layin mai matoshi daban. Za ka ga wasu dattawa na jefa ƙwayar hatsin karin kumallo ɗaya, irin mai rami a tsakiya, a saman dalma don cike gurbi. Yana aiki, na gani da idona. Ni dai ina ganin in har sai na shiga kicin ɗin uwargida kafin harsashina ya rufu, matoshin ne ba daidai ba.

A kan inji

Nawa MEC 600 Jr ne, ƙirar garin Mayville na jihar Wiskonsin, mai cika ɗaya-ɗaya. A tashar matoshi akwai wasu 'yan yatsu na roba da ke buɗe bakin kwanso don matoshi ya zame ciki. Suna gajiya, suna karyewa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, don haka ajiye biyu a aljihun tebur. In sun lalace, leɓen ƙoƙo na kama bakin kwanso ya yage, ko kunne ɗaya ya naɗe ciki dalma ta zuba a bayansa. Matoshin da kunnuwansa suka matse a leda, buɗe su da yatsa kafin ka ɗora. Wanda ƙoƙonsa ya tauye, yar da shi.

Dannawa kuma ba ta son ƙarfi. A zamanin kwali da gashi sai an danna sosai, har yanzu wasu na ɗauke da wannan ɗabi'ar. Matoshin roba so yake ya sauka ya zauna kan albarushi, shi ke nan. In ka ga allurar ma'aunin dannawa ta ɗan motsa, ya isa. In ka murƙushe katifar tun a tebur, me zai karɓi bugun a fili? Sabon kwanson AA yana da gindi na daban a ciki, saboda haka a kansa nakan ɗan ƙara kula in tabbatar matoshin ya sauka har ƙasa bai tsaya a hanya ba.

In ka gama, rubuta abu biyar ɗin nan da kwanan wata a jikin kowane kwali. Sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, kada kuma yara su yi wasa kusa da teburin. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon wa'azi ba.

Shin wani matoshi ya fi wani fasa faifai?

Wannan ita ce muhawarar da ba ta ƙarewa a ɗakin kulob, ana shan kofi ana yi. Na gwada da kaina. Ana kafa babbar takarda a yadi 40, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, a ƙirga. Takarda ɗaya ba ta faɗin komai, domin harsashi biyu daga kwali ɗaya ma ba sa zuba iri ɗaya. Sai ka yi goma-goma kafin ka buɗe baki. Na yi da matosai uku da suka dace da kwansona, bindiga ɗaya, maƙogwaro (matsatsin bakin bututu) ɗaya, na ɓata Lahadi biyu ina ƙirga ramuka har idona ya yi ja. Bambancin da na samu tsakaninsu bai kai wanda ke tsakanin takarda da takarda na matoshi ɗaya ba. Abin da ya nuna kansa a fili shi ne lokacin da na sauya dalma mai laushi zuwa mai tauri, wadda aka ƙara wa antimoni. Nan da'irar ta cika. Saboda haka in matosai biyu duk suna cikin jadawali, duk suna ba da naɗi mai kyau, ɗauki wanda ya fi araha ko wanda kantin kusa da kai ba ya rasawa. Abin da kawai zai sa in bar wani shi ne in ya cika barin dattin roba a maƙogwaron bindiga, don ni ba mai son goge-goge ba ne.

Sauran abu biyu, a gurguje. In filinku dalma ta haramta sai ƙwayar ƙarfe, duk abin da na faɗa a sama ajiye shi gefe: ƙarfe na da nasa matoshi mai kaurin kunnuwa da nasa jadawali, in ka zuba shi a kofin dalma zai karce maka bututu, matsi kuma ya tashi. Wasu filaye kuma, musamman a Ingila inda ake harbi a gonaki da makiyaya, ba sa yarda da roba sam, sai matoshin zare mai ruɓewa. Shi ma jadawalinsa daban, kuma ba ya kama bango sosai a bindigogin tiraf na zamani da aka ɗan faɗaɗa cikin bututunsu fiye da inci 0.729 na asali. Duk lokacin da na riƙe irinsa a hannu, tsumman kawu nake tunawa.

A teburina yanzu roba biyu ce kawai. Ɗaya kwanson STS ne da TGT12 ko madadinsa, oza ɗaya ta lamba 8, shi nake harbawa daga yadi 16 rani da damina. Ɗayar miƙaƙƙun kwanson tsintuwa ne da CB2100-12, na ranar da ciyawa ta yi tsawo ba na son sunkuyawa neman fanko. Robobin launinsu daban, kuma ba na buɗe su biyun a dare ɗaya.